Yadda Ake Nemo Zaman Masu Barin Giya da Yadda Ake Halartarsa

Wanda giya ta kama a cikinmu ya fi kowa iya ɓoyo. Ya san mashayar da ba a san shi ba, ya san abin da zai tauna kafin ya shiga gida, ya sha rantsewa da Allah cewa ya daina, ya kuma sha komawa. Na daɗe ina halartar zaman da masu wannan ciwo ke yi a tsakaninsu, na kuma raka sababbi da dama zuwa zamansu na farko. Abin da na gani shi ne ɓoyon ke ciyar da giyar. Aikin yana farawa ne ranar da mutum ya zauna da waɗanda suka sha irin wuyar da ya sha, ya buɗe baki, babu wanda ya zaro ido.

Zaman da nake nufi babu likita a gaba, babu malami mai wa'azi, babu kuɗin shiga. Mutane ne da giya ta wahalar suke haɗuwa na kamar awa ɗaya, kowa ya faɗi halin da yake ciki, a tashi. Ƙungiyar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA. Mutum biyu suka fara ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, Bill Wilson da wani likita, Bob Smith, dukansu mashaya da suka gano cewa hira da ɗan'uwan ciwo tana hana su ɗaukar kwalba. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son daina sha. Ina cewa "ka" ne don sauƙin magana, amma da mata ma nake, kuma akwai abin da ya shafe su musamman a ƙasa.

Abubuwan da za ka tanada

- Waya mai intanet da ɗan data. In ka kashe bidiyo ka bar murya kawai, zaman awa ɗaya ba ya cin data sosai.
- Abin saƙalawa a kunne, don kada na kusa da kai su ji.
- Manhajar Zoom, domin yawancin zaman intanet a kanta ake yi.
- Ƙaramin littafi da biro, na rubuta lokutan zama da lambobin waya.
- Wurin da za ka samu awa ɗaya babu mai leƙo ka: cikin mota, shago bayan an rufe, ofis bayan an tashi, ko ɗaki da kuba.
- Kuɗin mota, in zaman ido da ido ne.
- Mutum ɗaya amintacce da ya san inda ka nufa. In babu shi tukuna, fara a haka.

1. Ga likita kafin ka yanke shan

Wannan matakin ba a tsallake shi, kuma shi ne sababbi suka fi rainawa. Wanda ya daɗe yana sha kullum, musamman mai ƙarfi irin su ogogoro da 'yar leda, jikinsa ya riga ya saba, kuma yanke ta lokaci guda yana iya kashe shi. Daga awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ake fara ganin karkarwar hannu, gumi, tashin zuciya da rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu kan yanke jiki su faɗi suna jijjiga kamar mai farfaɗiya. Tsakanin kwana na 2 zuwa na 4 ne mafi hatsari: ruɗewa, sambatu, zazzaɓi, ganin ƙwari ko macizai da babu su. A gida sai a ce aljanu ne, a tsaya hayaƙi da tofi alhali mutumin asibiti yake buƙata a wannan daren.

In hannunka na karkarwa da safe sai ka kurɓa ya tsaya, ko ka taɓa faɗuwa da jijjiga lokacin da ka gwada dainawa, kada ka yanke kai kaɗai. Je ka ga likita, ka faɗa masa ainihin abin da kake sha a rana, kada ka rage masa ko kwalba guda don kunya, domin da lissafinka zai auna magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato. A Kano akwai na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, haka ma asibitin koyarwa na Jos yana da nasa sashen. In waɗannan sun yi maka nisa, babban asibitin garinku ma ya isa a fara. Likita zai ba da maganin da ke kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki, da bitamin B1 da giya ke ƙarar wa jiki, ya kuma duba hanta. Akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate da ke rage ƙawazucin giya bayan an daina. Tambaye shi ko sun dace da kai.

Wata hanya kuma da zan roƙi iyalai su guje mata: kai mutum gidan mari a ɗaure shi. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana hana mutum isa ga kwalba ne kawai muddin tana ƙafarsa.

Ba sai ka gama da asibiti za ka fara zama ba. Ko da ka sha jiya, ko yau da safe, ana karɓar ka. Abin da ake nema kawai, in a buge kake, ka saurara kada ka karɓi magana.

2. Nemo zaman

Fara da tambayar likitan ko ma'aikacin jinyar da ya duba ka ko akwai zaman da ake yi a asibitin ko a kusa. Sassan da ke kula da masu shaye-shaye sukan haɗa waɗanda aka sallama su riƙa zama tare, kuma irin wannan zama ne ka fi yiwuwar samu da Hausa.

Zaman AA na ido da ido an fi samun sa a manyan birane irin su Legas da Akara. Wanda ke zaune a Birtaniya, Amurka ko Faransa zai same shi kusan a kowane gari. Ga mutumin Arewa da kudancin Nijar kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce intanet. Rubuta "Online Intergroup of Alcoholics Anonymous" a Google. Shafin yana jera zama dare da rana, a harsuna da yawa, kowane da ranarsa da lokacinsa da mahaɗin shigarsa. Wanda Faransanci ya fi masa sauƙi, a Nijar, Kamaru ko Chadi, ya nemi "Alcooliques Anonymes". Na Sudan da Saudiyya akwai masu yi da Larabci.

A jadawalin za ka ga an rubuta Open ko Closed a gaban kowane zama. Na farkon kowa na iya shiga, har da matarka ko ɗan'uwanka da ya rako ka. Na biyun na masu son barin giya ne kaɗai. In ka ga an rubuta Beginners ko Newcomers, na sababbi ne, kuma da shi nake ba da shawara a fara.

Kula da agogo, domin nan ake yawan ɓata. Najeriya da Nijar ba sa canza lokaci, amma Turai da Amurka suna yi. Landan tana daidai da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin muna gabanta da awa ɗaya. Birnin New York muna gabansa da awa 5 a lokacin zafinsu, awa 6 a lokacin sanyi. Mayar da lokacin zuwa agogonmu ka rubuta a littafinka, ka zaɓi wanda ya faɗo daidai sa'ar da ka saba zuwa mashaya. In bayan Isha'i ne ƙafarka ke jan ka, to zaman bayan Isha'i kake buƙata.

Ba a biyan ko sisi. A zaman ido da ido ana zagayawa da kwando ko leda don kuɗin haya da shayi, wanda ya ga dama ya sa, sabo kuma ba a jiran komai daga gare shi. Duk wanda ya nemi ka tura kuɗin rajista ko na fom da sunan AA, ɗan damfara ne.

3. Tsare sirrinka kafin ka shiga

A zaman ana amfani da sunan farko ne kawai, ba a tambayar sunan uba, unguwa ko wurin aiki. Kafin ka danna mahaɗin Zoom, shiga saituna ka canza sunan da ke bayyana, domin sau da yawa cikakken sunan mutum ne ko sunan wayarsa ke fitowa. Cire hotonka in akwai. Kana iya barin kyamara a rufe, ko da yake wasu zaman sukan nemi a buɗe ta na ɗan lokaci don tabbatar da cewa ba 'yan tayar da hankali ba ne suka kutso. Wanda bai yi maka ba, nemi wani.

Yi taka-tsantsan da rukunan WhatsApp: duk wanda ke ciki yana ganin lambarka. Kada ka shiga sai ka san masu riƙe da shi. Kai ma kuma amana ta hau kanka. Ba a ɗaukar murya, ba a ɗaukar hoton fuska, kuma in ka haɗu da wanda ka sani a zaman, ko matarka ba za ta ji daga bakinka ba. Wannan tsoron na haɗuwa da idon sani shi ke hana mutane da yawa zuwa. Ka tuna abin da ya kawo ka shi ya kawo shi.

4. Zaman farko

Isa da wuri, kamar minti goma kafin lokaci. Faɗa wa mai jagorantar zaman, ko ka rubuta masa a akwatin saƙo, cewa yau ka fara. Shi ma mashayi ne da ya daina, aikin jagorancin kuma karɓa-karɓa ake yi.

Yawanci ana buɗewa da ɗan shiru da gajeriyar addu'a, a karanta bayanin ƙungiyar da matakai 12 da take tafiya a kansu, sannan a tambayi ko akwai sabo. Daga nan ko dai mutum ɗaya ya ba da labarinsa na tsawon lokaci, ko a ɗauki wani batu kowa ya yi minti biyu zuwa uku a kai. Za ka ji kowa na farawa da sunansa, ya ce shi mashayi ne. Ba dole ba ne ka faɗi haka. Kana iya cewa, "Sunana wane, yau na zo saurare ne," a wuce ka.

Ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani, ba a yi masa nasiha a gaban jama'a. Kowa labarin kansa yake bayarwa. Wannan yakan yi wa Bahaushe baƙo, mu da muka saba da cewa "ka yi haƙuri" da "ka ji tsoron Allah" da zarar mutum ya koka. A ganina wannan dokar ce ta sa zaman ke aiki. Mashayi ya sha nasiha har ta gundure shi; abin da bai taɓa samu ba shi ne a bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne auna kansu da mai magana: ni ban taɓa kwana a kwata ba, ni ba a kore ni daga aiki ba, ashe nawa da sauƙi. Bar neman inda kuka bambanta. Saurari inda kuka yi kama: ƙaryar da ake yi wa iyali, kuɗin cefane da suka tafi mashaya, alkawarin da ake ɗauka da asuba a karya da magariba.

In an tashi, kada ka yi wuf ka fice. Hirar bayan zama takan fi zaman amfani. Karɓi lambar mutum biyu ko uku da suka daɗe da dainawa.

5. Batun addini

Matakan 12 suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji kamar yadda kowa ya fahimce Shi, ba tare da an ɗora wa kowa wata aƙida ba. Musulmi zai nufi Allah ne, Kirista ma ya yi bisa imaninsa. Wasu zaman a ɗakunan coci ake yin su saboda arahar haya, wasu kuma sukan rufe da addu'ar Kirista. Wanda bai gamsu ba ya yi shiru ya yi tasa a zuci, babu mai tuhumarsa.

Wanda ya fi son zaman da aka gina kan Musulunci ya nemi Millati Islami, wadda aka kafa a Baltimo ta Amurka a 1989, tana bin matakai 12 da aka daidaita da Alƙur'ani da Sunna, tana kuma yin zama ta waya da intanet. Wanda kuma yake son zaman da babu maganar addini, akwai SMART Recovery da ta fara a 1994, wadda ke koyar da dabarun shawo kan ƙawazuci da gyara tunani. Ba laifi a haɗa biyu.

Wasu kan ji tsoron cewa faɗin abin da suka aikata tona asirin da Allah ya rufa ne. Ni dai ina ganin akwai tazara tsakanin mai alfahari da saɓo da mai gaya wa wani ciwonsa don neman magani, amma in abin ya tsaya maka a rai, tambayi malamin da ka san yana da tausayi da riƙon amana. Ka kuma tuna hadisin da ke cikin Bukhari na sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

6. Ci gaba da zuwa

Zama ɗaya ba ya nuna komai. Gwada aƙalla shida, a wurare daban-daban, kafin ka yanke hukunci, domin kowane zama da halinsa: wani na dattawa ne, wani na matasa, wani shiru, wani raha. Tsofaffin 'yan AA sukan shawarci sabo da ya yi zama 90 cikin kwana 90. Ba doka ba ce, amma da intanet abu ne mai yiwuwa, kuma watanni ukun farko su ne lokacin da aka fi zamewa. In ka samu wanda ya kwanta maka, mayar da shi zaman gidanka, wanda ba ka fashi, inda za a lura in ba a gan ka ba. Karɓi ɗan aiki a ciki, ko jera kujeru ne, ko dafa shayi, ko karanta bayanin buɗewa.

Bayan 'yan makonni nemi jagora, wanda suke kira sponsor: mutumin da ya kai aƙalla shekara guda bai sha ba, ya bi matakan, kuma halinsa ya burge ka. Tunkare shi kai tsaye ka roƙe shi. In ya ce ba zai iya ba, kada ka ɗauka da zafi, wataƙila hannunsa ya cika ne. Shi za ka riƙa kira kafin ka sha. Kiran bayan an sha ma yana da amfani, amma na kafin ne ke ceto. Namiji ya ɗauki namiji, mace ta ɗauki mace.

Kada ka ɗora wa kanka "har abada". A zaman ana lissafi ne da yau kaɗai: yau ba zan sha ba. Za ka kuma ji ana yawan gargaɗi a kan abubuwa huɗu, yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙawazuci in ya taso yakan kai ƙololuwa ya sauka cikin kamar rabin awa. Ci abinci, sha ruwa, yi alwala, kira wani, fita daga inda kake.

Ga wasu tarkuna da na ga sun kayar da mutane masu niyya mai kyau. Musanya giya da tiramol, kodin, wiwi ko ƙwayar barci, da sunan ai na bar kwalba. Daina maganin da likita ya rubuta saboda wani a zaman ya ce ba ka buƙatarsa. 'Yan zama ba likitoci ba ne, kuma ƙungiyar kanta ba ta yarda da irin wannan shawara ba. Ba da rance ko karɓar rance a tsakanin 'yan zama. Komawa tsohuwar majalisa da cewa lemo kawai zan sha.

7. Ga mata

Macen da ke sha a cikinmu tana ɗauke da ninkin kunyar namiji, kuma fita da dare zuwa wani zama ba abu ne mai sauƙi gare ta ba. Akwai zaman mata zalla a intanet, an rubuta Women a gabansu. Fara da su, da rana lokacin da yara ke makaranta. Ki karɓi lambobin mata kawai, kuma duk namijin da ya biyo ki ta saƙon sirri da sunan taimako, ki sanar da mai jagorantar zaman. In kina da ciki, ki gaya wa likita a ranar da kika gane, domin giya tana illata jariri tun yana ciki.

8. In ka zame

Yana faruwa da mutane da yawa, har da waɗanda suka yi shekaru. Ba a korar kowa don ya sha. Hatsarin yana cikin kunyar da ke biyo baya, wadda ke mayar da daren guda ya zama wata shida. Kira jagoranka a ranar, shiga zama cikin awa 24, ka faɗa da bakinka. In shan ya ɗauki kwanaki a jere, koma mataki na 1 na wannan rubutu, wato ganin likita, domin wanda ya sha dainawa yana komawa ya fi shiga hatsarin jijjiga. In kuma tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, wannan na asibiti ne a take, ka kuma gaya wa wani na kusa kada ka kwana kai kaɗai.

In babu zama kusa, ko ba ka jin Turanci

Wannan ita ce matsalar da ta fi damuna, domin yawancin zaman intanet da harsunan waje ake yi. A tsarin AA, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don barin giya sun isa su kira kansu rukuni. Nemi mutum ɗaya da ke kan hanya irin taka, ta hannun ma'aikacin asibiti ko malamin da ka amince da shi. Ku sa rana da lokaci tsayayye a kowane mako, a wurin da haɗuwarku ba za ta ja hankali ba: ɗaki a asibiti, aji bayan an tashi, ko zauren ɗaya daga cikinku. Ku buɗe da addu'a, kowa ya yi minti biyar ba a katse shi ba, ku tashi cikin awa ɗaya. Babu shugaba na dindindin, babu karɓar tallafi daga waje, babu siyasa, babu gardamar ɗariƙa ko aƙida. In ɗayanku na jin Turanci, ya riƙa shiga zaman intanet yana kawo muku abin da ya koya, ya kuma roƙi wani da ya daɗe a can ya riƙa duba ku ta waya. Wanda ba shi da babbar waya, kiran murya na minti goma kullum da yamma tsakaninsa da abokin tafiyarsa zai riƙe shi kafin ranar zama.

Iyali ma suna da nasu zaman, Al-Anon, wanda ya fara a 1951, kuma Lois, matar Bill Wilson, tana cikin waɗanda suka kafa shi. Matar mashayi, mahaifiyarsa ko ɗansa da ya girma suna iya shiga ta intanet ko da shi mai shan bai yarda ya je ko'ina ba tukuna. Ana neman sa ta hanyar da aka nemi na AA, da irin wannan kula da agogo da sunan da ke bayyana a Zoom.